Garwanin Man Gyaɗa a Hawan Jos

Mun tashi da asuba daga Balan, ni da yayana, da garwanin man gyaɗa a kan jaki. Man da muka matse ne mu matan gida, gyaɗar noman bana gaba ɗaya, ga wata Hajiya mai gidan abinci a Jos ta aiko tana so. Ba mu cika garwanin fal ba, mun dai toshe bakinsu muka liƙe da kakin zuma don kada ya zube. A Gaya muka hau akori-kura zuwa Wudil, inda na ci soyayyen kifi mai araha, mai kifin kuwa har yanzu da sule take lissafi, naira ba ta shiga kanta ba. Nan muka sami babbar mota mai bi ta Birnin Kudu da Bauchi.

Bayan Toro hanya ta fara hawa. Mota na nishi, sanyi ya shigo, kunnuwana suka toshe. Can sai na ji ɓam! a bayana. Wata ƙarar ma ta amsa. Na waiga, ga garwani sun kumbura kamar sun ƙoshi da tuwo.

"Baiwar Allah, manki ya lalace," in ji wani dattijo. "Abin da ya ruɓe ne yake kumbura."

Da wane ido zan kalli matan gida?

Da muka tsaya salla, direba ya leƙa kayan ya yi dariya. Ya ce iskar tudu ba ta da nauyi kamar tamu ta ƙasa, shi ya sa iskar Gaya da muka kulle a ciki take turo ƙarfen waje. Na ji dai, amma raina bai kwanta ba.

Hajiyar Jos na ganin garwani ta ja da baya. "Ni ba na sayen kumburarren kaya."

"Hajiya, ba ni wuƙa," na ce.

Yaya ya ce in bi a hankali. Na yi bisimilla na ɓamɓare kakin ɗaya. Fuuu! Iska ta fita, garwa ta koma daidai nan take, ƙanshin gyaɗa ya cika zauren. Hajiya ta tsoma yatsa ta lasa, ta sake lasa. Sai ta ƙwala wa masu aikinta kira su juye duka. Daren nan da manmu aka soya dankalin Turawa, karon farko da na ci shi, har Hajiya ta sa hannu a kan man baɗi.

Da za mu dawo na sake liƙe garwanin saboda tururuwa, na ce wa Yaya, "In direban nan gaskiya ya faɗa, wannan karon lotsewa za su yi." Kafin Birnin Kudu kuwa duk sun shafe ciki kamar masu azumi.

Mun iso Balan bayan la'asar. Inna ta ga garwani a lotse ta dafe ƙirji, ta zaci haɗari muka yi. Na buɗe ɗaya a gabanta, garwar ta zuƙi iska ta miƙe, mata suka sa guɗa.

Na koyi cewa iska ma tana da nauyi, kowace ƙasa da nata. Baɗi in Allah ya kai mu, a Toro zan sassauta bakin garwani su yi numfashi, kuma ni zan jagoranci matan gida biyu.