Intabiyu a Shagon Caji

A shekarun da mai ya yi tsada har mutanen ƙauyenmu suka koma zuwa kasuwar Makoda a ƙafa, na dawo gida da digirin kwamfuta da wata tsohuwar laftof da batirinta ba ya kai rabin awa. Ni ce mace ta farko a gidanmu da ta je jami'a. Baba manomin gyaɗa ne. In an tambaye shi abin da na karanta sai ya ce, "Injiniya ce, amma ba ta gini ba."

Na yi ta tura takardun neman aiki, shiru kake ji. Wani kamfani a Legas ne kaɗai ya amsa. Masu rubuta manhaja suke nema, kuma daga gida za a yi aikin, amma sai an tsallake matakai huɗu. Na farko jarrabawa ce ta intanet. Na yi ta a bakin gonar Baba, inda sabis yake ɗan kamawa, na ci. A na biyu wata mata ta kira ni ta tambayi inda nake hango kaina nan da shekara biyar. Na karanto mata abin da na haddace, ina korar akuya daga shanyar kuɓewar Inna.

Na uku kuwa za a ba ka tambaya ne ka rubuta manhajar ana kallonka ta bidiyo. Wannan ba zai yiwu a ƙauye ba. Baba ya goya ni a babur har birni, unguwar Bacirawa, wajen wani mutumin garinmu mai shagon cajin waya. Mutumin ya ture wayoyin jama'a gefe ya ba ni teburinsa, Baba ya zauna a benci a waje.

Maza biyu suka fito a allo. Suka ce in nemo hanya mafi kusa da mai kai kaya zai bi ya zagaya garuruwa. Na san amsar. Na fara rubutu, sai ɗayansu ya ce in riƙa faɗin abin da nake tunani. Ina buɗe baki aka tayar da injin niƙa a maƙwabta.

"Ba ma jin ki," in ji shi. Na maimaita. "Har yanzu ba ma ji."

Na ci gaba da rubutu. Can sai ƙarar ta ɗauke ɗif. Daga baya mai shago ya gaya min Baba ne ya je ya durƙusa wa mai injin, yaron da bai wuce sa'ar ɗan cikinsa ba, ya roƙe shi ya kashe. Mata suka tsaya da kwanukan masararsu kusan awa guda saboda ni. Na gama, na kuma ci.

Mataki na ƙarshe aiki ne na mako guda. Kullum sai na je Makoda caji, in dawo in zauna a ɗaki har batir ya mutu. Na tura. Bayan kwana goma matar nan ta sake kira. Ta ce aikina ya burge su, saura tambaya ɗaya: ina da wuta da intanet da ba sa yankewa?

Da na ce e, ba mai zuwa dubawa. Na ce mata a'a, amma in na fara aiki zan sayi sola. Ta ce ta gane. Washegari saƙo ya zo, layi uku: sun gode, sun ɗauki wani.

A gona na tarar da Baba, ana cirar gyaɗa. Ya saurare ni har na gama, bai miƙe ba.

"Ba cewa suka yi kin iya ba?"

"Sun ce, Baba."

"To me ya rage?"

Ya karkaɗe ƙasar da ke jikin saiwar, ya ce Allah ya sa hakan ne alheri, ya matsa kunya ta gaba. Bai ƙara tambayata maganar aiki ba, kuma hakan ya fi faɗa ciwo.

Na ƙara gwada wasu wuraren, ban sake wuce matakin farko ba. Yanzu matan unguwa ke kawo min wayoyinsu in sun ƙi kunnuwa ko hotuna sun ɓace. Wata ta ba ni ƙuli, wata ta yi min addu'ar miji nagari. In karɓa in ce amin.