Wutar Jegon Inna

Safiyar wata Litinin ce, cikin sanyin shekarar da na cika tara, wajen ƙarshen shekarun 1960. An kwana ana ruwa a Jidda, lungunmu na Hindawiyya ya cika da taɓo, iskar teku tana kaɗa kwanon rufin ɗakinmu. Inna tana da kwana goma da haihuwar ƙanwata Zainabu. Ni kuma ina tsugune a ƙofa ina faskara katako, Kaka tana tsaye a kaina tana cewa in yi sauri, wutar ƙarƙashin gado ta fara mutuwa.

Kaka mahaifiyar Baba ce. A ƙasar Hausa ta tashi, ta yi shekaru a Sudan, ta iso nan ba ta zubar da al'ada ko ɗaya a hanya ba. A wurinta mai jego sai wankan ruwan zafi, sai kunun kanwa, sai wuta a ƙarƙashin gado har kwana arba'in. A can gida gadon ƙasa ne da itacen daji, hayaƙi ya bi ta rufin ciyawa ya fita. Mu kuwa gadon ƙarfe ne a ɗakin katako da kwano, itacenmu fasassun akwatunan kaya da Baba yake kwasowa daga tashar jiragen ruwa inda yake dako, wasu da fenti, wasu da kwalta, wasu da jan rubutu a jiki. Na fi son masu koren fenti domin harshen wutarsu yana canza launi, su nake fara zubawa a kasko. Ni kuma aka sa na toshe duk wata kafa ta bango da takardar buhun siminti don kada iska ta taɓa Inna. Na yi aikin da kyau, har Kaka ta ba ni dabino.

Ba gidanmu kaɗai ba ne. In sanyi ya shigo kowa ya hura abin da ya samu, gawayi, kwali, har tsohuwar taya. Hayaƙi ya kwanta a lungu ya ƙi tashi, mu yara muna buga ƙwallon tsumma a cikinsa, idanu jajur. In muka hau katanga muna hango wutar matatar mai tana ci a banza, ba mai jin ɗuminta. Baba yakan ce, "Ƙasa cike da mai, mu muna ƙona shara." Ya yi ta zarya neman a ja mana lantarki, kullum a ce masa ɗakunanmu ba su da takarda, ya dawo wani lokaci.

Ina cikin faskaren sai ga maƙwabcinmu Malam Usman, Bahaushen Sudan da yake shara a wani asibiti, ya zo gaida mai jego. Daga bakin ƙofa ya ja da baya yana tari, ya roƙi Kaka a fid da kaskon a buɗe ɗakin. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Usmanu, tsintsiya kake riƙewa a asibitin ko allura? 'Ya'ya tara na haifa a kan wuta."

Na ɗauki katakon na shiga. Na kira Inna sau uku ba ta amsa ba. Zainabu tana gefenta, leɓunanta sun yi duhu, numfashinta yana fita da ƙara kamar usur. Na fito da gudu na faɗa musu. Malam Usman bai ƙara neman izini ba. Ya banke ƙofar, ya jawo kaskon waje, ya ce da ni, "Yalla, maza cire takardun nan duka." Na riƙa zare su ina kuka, aikin da aka yaba mini. Inna ta farfaɗo da amai da ciwon kai. Zainabu ta yi mako guda a asibiti. Kaka ba ta sake maganar wuta ba, amma kullum tana zaune tana ɗumama ƙafafun Inna da tafin hannunta.

Lantarki bai shigo lungunmu ba sai da Zainabu ta shekara bakwai, ƙirjinta kuwa bai taɓa warwarewa ba. Yau 'ya'yanta uku, tana girki da tukunyar gas, amma da sanyi ya kama sai ta nemi maganin shaƙa a jaka. Ni yanzu nake koyon karatu da yamma bayan aiki, kuma nakan tuna hannun Kaka, in tuna jan rubutun nan na jikin katakon da na ƙona. Har yau ban san abin da ya ce ba.