Yayana Ya Je Ghana Bai Je Tamale Ba

Duk wanda ya san Ƙofar Galadima a birnin Zariya ya san yayana Malam Zaharaddini, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan da ke zama a zauren gidanmu tun hantsi, babbar riga shimfiɗe a cinyarsa, yana bin zanen aska da allura. Ɗinkin hannu ya gada wajen mahaifinmu, bai kuma taɓa wata sana'a ba. Mutane suna yabonsa da haƙuri da kawaici, suna cewa ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Ni ƙanwarsa ce, Tayyiba, ciki ɗaya muka fito, kuma duk lokacin da na ji wannan yabon sai raina ya ɓaci, domin ni na san abin da kawaicin nan ya jawo mana.

Yaya ya yi aure da wuri, Allah ya ba shi da matarsa Batulu ɗiya mace, aka sa mata Radiya. Da aka yaye ta sai aka ɗauko ta aka ba ni, kamar yadda aka saba yi da ɗan fari. A lokacin ina gidan aurena a Tudun Jukun. Da maigidana ya rasu na dawo gidanmu da yarinyar, aka ba mu ɗakin da ke jingine da zaure. Ka ga ke nan uba da 'ya sun zauna gida ɗaya, ƙofa ɗaya suke bi, amma har ta girma bai taɓa kiran sunanta ba. In ya matsu sai ya ce, "Ina 'yar Tayyiba?" In ta durƙusa ta gaishe shi, allurarsa yake kallo ya amsa. Ƙannenta kuwa har kafaɗarsa suke hawa suna ja masa hula.

Kada wani ya ce mini ba ya sonta. Shekarar da zazzaɓi ya kwantar da ita asibiti, a gindin wata bishiya a wajen katanga yake wuni, har aka sallame mu bai shiga ɗakin ba. Duk takalmin makarantar da ta taka shi ya sayo, ya miƙo mini a ɓoye, ya ce in ce ni na saya. Na sha gaya mata gaskiya, sai ta yi murmushi ta ce, "Gwaggo, kin iya gyara magana." Wai kunyar ɗan fari ke nan. Iyayenmu ma sun yi, na sani, amma su nasu 'ya'yan farin suna nan bayan katanga, ana ganinsu safe da yamma.

Radiya ta yi karatun jinya, ta haɗu da wani yaro mai hankali, Umair, ɗan zangon Tamale a arewacin Ghana, wanda ya zo karatu Zariya. Suka so juna, aka yi aure, ya tafi da ita. Ranar da za su tashi, Yaya ya tsiri zuwa Kufena wai zai kai wa wani riga, bai dawo ba sai da motar ta bar gari. Shekaru suka yi ta tafiya. Ita aiki da nisa sun hana ta zuwa, shi kuma ko a waya in na miƙa masa sai ya ce, "Ki ce ina amsawa."

Yaya yana da aminai biyu tun na makarantar allo. Akwai Alhaji Inuwa mai sayar da yadi, wanda bakinsa ba shi da linzami, akwai kuma Malam Sabo, shugaban wata makarantar firamare, mutum mai son tarihi da dogon bayani. Kowace shekara in aka yi dogon hutun makarantu da damina, sai su ukun su ɗauki jaka su je wani gari su huta. Sun je Sakkwato, sun je Yola, sun je wuraren da ni ban ma riƙe ba. Bara sai Alhaji Inuwa ya ce sun gaji da zagaye gida, wannan karon ƙasar waje za su leƙa. Ina ɗaki bayan la'asar ina jin su ta katanga, wannan ya ce Kamaru, wancan ya ce Nijar. Sai na ji muryar Yaya, mutumin da ko shayi ba ya zaɓa, ya ce a hankali, "An ce Ghana ma akwai kyau." Wallahi saura kaɗan in rangaɗa guɗa.

Aka tsaya a kan Ghana. Labari ba ya kwana a cikin birni, kafin mako ya zagayo matar Alhaji Inuwa ta gaya wa wata, wata ta gaya wa wata, har ya isa Tamale. Radiya ta kira ni ta ce, "Gwaggo, da gaske Baba zai zo Ghana?" Na ce da gaske ne. Ta ce za ta sa a yi wa ɗakin baƙi fenti, ta tambaye ni ko har yanzu yana son miyar kuka da man shanu. Mace da 'ya'yanta, amma ranar kamar ƙaramar yarinya ta koma.

Sai aka zo zaɓen inda za a je a cikin ƙasar, domin hutun ba zai ishe su zagaye ko'ina ba, yanki biyu kawai za su iya. Malam Sabo ya buɗe taswira a wayarsa yana yi musu karatu. Shi kudu yake so, bakin teku, inda ya ce akwai tsofaffin kurkukun da Turawa suka tara bayi. Alhaji Inuwa ya ce shi in ba a je Kumasi ya ga kasuwa da masaƙa ba, gara ya zauna gida. Saura arewa. Na ajiye tsintar shinkafar da nake yi na kasa kunne.

"Arewar Ghana kuma me za mu gani?" in ji Alhaji Inuwa. "An ce kamar nan ce. Mu bar tuwo a Zariya mu je cin tuwo a Tamale?"

Malam Sabo ya yi gyaran murya ya ce, "Malam Zaharaddini, ko kana da wata hidima a can arewan?"

Aka yi shiru. Na tabbata da an bar shi da shirun nan, da ya samo wata hanya, ko ya ce yana son ganin masu ɗinkin can ne. Amma Alhaji Inuwa ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Au! Ko dai tsufa ya sa malam ya fara kewar 'yar fari? Faɗi mana, ba za mu gaya wa kowa ba!" Malam Sabo ma ya taya shi dariya.

Sai na ji Yaya ya ce, "Haba, wace irin hidima? Duk inda kuka ce, nan ne."

Shi ke nan, aka zaɓi teku da Kumasi, aka shafa fatiha. Dattawa uku masu furfura, kowannensu ya san dalilin da ya sa aka ambaci Ghana tun farko, amma aka rufe maganar da dariya kamar yara a dandali.

Suna fita na afka zauren ko mayafi ban gyara ba. Na ce, "Yaya, me ka yi ke nan? Yarinyar nan fenti take yi wa ɗaki saboda kai!" Bai ɗago ba. Ya ce, "Tayyiba, a gaban mutane kike so in ce me?" Na ce, "Ka ce za ka je ka ga 'yarka! Sata ce? Zina ce?" Ya ce in rage murya, maƙwabta na ji. Na ce su ji mana. Duk abin da na faɗa kamar an shuka dusa, zare kawai yake ja.

Washegari na tare Malam Sabo a ƙofar gida, na gaishe shi kamar yadda ya kamata, sannan na ce, "Malam, kun san yana da 'ya a Tamale. Ku ce ku ne kuke son zuwa, ku ɗauke masa nauyin." Ya gyara tabarau ya ce, "Malama Tayyiba, ai mun tambaye shi da bakinsa, ya ce babu. In muka canza yanzu, zai ga kamar mun gano shi, mu kunyata shi." Ka ji mutumin da ake ba amanar tarbiyyar yara. Alhaji Inuwa kuwa ko tararsa ban yi ba, don na san in na buɗe baki a kansa sai an kira mai unguwa.

Suka tafi ta Legas. Ni kuma na kasa gaya wa Radiya, ina ta fatan in ya taka ƙasar zuciyarsa za ta rinjaye shi. Hotuna suka fara zuwa a waya. Ga su a bakin teku sun naɗe ƙafar wando, Alhaji Inuwa ya washe baki da kwakwa a hannu. Ga su a ƙofar kurkukun bayi, Malam Sabo yana nuna wani abu da yatsa. A kowane hoto Yaya yana gefe, ya sa hannu a baya. Labarin zuciya a tambayi fuska. Waɗannan hotunan kuma Alhaji Inuwa ya baza su inda kowa zai gani, har Umair, har Radiya.

Abin da ya fi ƙona mini rai sai bayan sun dawo na ji, daga bakin Malam Sabo da kansa, wai yana ba ni labarin tausayi. Ya ce ranar da za su baro Kumasi, a tasha, akwai motar Tamale a gefensu ana kiran fasinja, tafiyar da ba ta cin yini guda. Yaya ya tsaya da jakarsa yana kallon motar har ta cika, har aka rufe ƙofa, har ta fita. "Mun gan shi," in ji Malam Sabo, "sai muka kau da kai don kada ya ji kunya." Na ce, "Allah ya saka muku da alheri, Malam, kun kyauta," na shige gida kafin in faɗi abin da zan yi nadama.

Radiya ba ta yi mini kuka ba, da ma ta yi. Ta daina tambayar lafiyarsa kawai. In na soma cewa, "Kin san halin babanki," sai ta ce, "Gwaggo, yaya ciwon ƙafarki?"

Ashe a lokacin tana da ciki. Bayan wasu watanni ta haifi ɗa namiji, na farko bayan mata. Ranar suna ta kira ni da kanta. Ta ce Umair ya so a sa wa yaron Zaharaddini, har ya gaya wa liman, ita ce ta hana. Na ce, "Radiya, ubanki ne fa." Ta ce, "Na sani, Gwaggo. Ya zo har ƙasar da nake, aka ce ya zaɓa, ya zaɓi ganin ruwa. Ba zan wuni ina kallon mai sunansa ba."

Na fito zaure. Yana nan inda yake kullum. Ya riga ya ji an haihu, kuma ya san ranar suna ce, don tun safe ya sa sabuwar hula ya sayi goro ya ajiye a gefensa. Ya ɗago ya dube ni, abin da ba ya cika yi ba.

"'Yar taki ta kira?" ya ce. "Wane suna aka sa?"

Na ce, "Abubakar."

Ya jinjina kai ya ce, "Suna mai kyau. Allah ya raya." Ya ɗauki zare zai zura a allura, ya yi, ya sake yi, zaren ya ƙi shiga. Can sai ya miƙo mini su duka biyu, ya ce in taimaka masa, yau idon ba ya gani sosai.