Na Goge Tsagen Mahaifiyata da Hannuna

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da abin nan ya faru ni budurwa ce mai rawar kai, ina da ɗan shago a bakin kasuwar Nguru inda nake tsara katin biki, kalandar amare da sitikar suna a kwamfuta. Duk abin da ya fito sabo a intanet sai na taɓa shi. In na ga mawaƙa sun canza salon hoton fastarsu, washegari amaren garinmu sun samu irinsa. Har ƙawayena suke min tsiya wai da waya aka yanke min cibiya.

Wata rana a wani zauren masu zane na intanet na ci karo da wata manhaja mai gyara tsofaffin hotuna. Ka ba ta hoton da ya koɗe, ta wanke shi, ta zuba masa launi, har ta sa mutumin ciki ya ƙifta ido ya yi murmushi. Nan take mahaifiyata ta faɗo min a rai. Ta rasu ina 'yar ƙarama, kuma hotonta ɗaya ne tak a duniya, yana Gashuwa a ƙasan akwatin yayarta da muke kira Inna. Na hau mota na je na roƙe ta. Da farko ta hana, ta ce abin da ya daɗe a kwance a bar shi ya kwanta. Na yi ta naci, na rantse zan dawo mata da shi ya fi yadda yake. Ta naɗe shi a tsohon ɗankwali ta miƙo min, ta ce amana ce.

Hoton baƙi da fari ne, ya yi ja-ja, duk ya kakkarce. Na ɗauke shi da waya na saka a manhajar. Abin da ya fito sai da ya sa ni kuka: mace kyakkyawa, fuska sumul, ta juyo ta kalle ni ta yi murmushi. Na ɗora a shafina, dangi da baƙi suka yi ta yi mata addu'a. Da wayata ta cika sai na goge wanda na ɗauka tun farko, a ganina me zan yi da mai datti ga mai tsabta. Na asalin kuma na cusa shi cikin kwalin takardu a shago sai ranar da na tashi zuwa Gashuwa. Damina ta shigo, ashe kwano na yoyo ban sani ba. Ranar da na buɗe kwalin takardun sun manne da juna, gara ta ƙarasa sauran. Kusurwa ɗaya kawai na tsinta, mai ɗauke da gefen zaninta.

Ban wani tsorata ba, tunda ina ganin ina da wanda ya fi shi. Na wanko sabon babba, na sa a firam na kai wa Inna. Ta daɗe tana kallo, ta matso da shi kusa da ido, sannan ta tambaye ni 'yar gidan wa ce wannan. Na yi dariya na ce ƙanwarta ce mana. Ta girgiza kai, ta ce ƙanwarta tana da tsagen Barebari a kumatu irin nata, to ina suka tafi? Na nuna mata mai motsin a waya ko zai burge ta. Da murmushin ya buɗe sai ta kawar da kai, ta ce ƙanwarta mai wushirya ce, waɗannan jerarrun haƙoran ba na gidansu ba ne. Sai a lokacin na gane. Manhajar ta ɗauka tsagen ma karce ne, ta share su tare da dattin. Haƙoran kuwa, da yake a hoton bakinta a rufe yake, na wata aka aro mata. Inna ta miƙo hannu ta ce in ba ta tsohon nata. Wallahi har yau ban san da wane baki na gaya mata ba. Ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi. Cewa kawai ta yi yau ƙanwarta ta sake mutuwa.

Da can in na rufe ido nakan ɗan tuno fuskar mahaifiyata dishi-dishi, tana sunkuyowa tana ɗaura min zani. Yanzu duk yadda na yi baƙuwar nan ce ke zuwa, ta juyo, ta ƙifta, ta yi murmushi, ta sake juyowa. Na kalle ta sau ba adadi har ta kore min ta gaskiyar. Na gwada mayar da tsagen da kaina a kwamfuta, amma ban san yawansu ba, ban san daga ina suka faro ba. A fuskar Inna kaɗai zan iya gani, kunya ta hana ni komawa, har Allah Ya karɓe ta.

Ina roƙon 'yan'uwana masu wannan sana'a, da duk mai wani tsohon hoto a akwati, ku yi hattara. Na'ura ba ta san mutanenmu ba, abin da take ganin aibi wataƙila shi ne asalin mutumin. Ku riƙe na asali ko ya koɗe, ku kuma nuna wa manya kafin ku yaɗa. Nawa ya riga ya bazu a wayoyin dangi, duk Juma'a ana ɗora shi ana Allah Ya jiƙa. Kwanan nan 'yata ta gan shi a wayar kawunta, ta rugo tana tambayata ko wannan ce kakarta. Na kasa ce mata e, na kasa ce mata a'a.