Sharar Filin Jirgi

Na daɗe ina share filin da jirgi mai saukar ungulu ke sauka, a bayan wani asibitin kuɗi a nan Abuja. Daga Nyanya nake fitowa bayan asuba. Ni kaɗai ce a ɗaki tun rasuwar maigidana. Ban yi boko ba, amma Allah ya ba ni ido, don shi aka ɗauke ni.

Jirgin ƙarami ne, mutum biyar sun cika shi. In za a ɗauko marar lafiya daga ƙauyen da mota ba ta shiga, sai a cire kujerun baya a sa gado. Babbar fanka a sama ita ke ɗaga shi, ƙaramar da ke wutsiya ita ke hana shi juyawa a wuri ɗaya. Injiniyan da ke kula da shi, wani Bakatsine mai furfura, shi ya koya mini. Ya ce iskar fankar nan tana kwasar duk abin da ke ƙasa, leda ko tsakuwa, in inji ya zuƙa kuwa rayuka ne. Saboda haka in na gama shara sai in bi filin da ƙafa, layi-layi, kai a sunkuye. Mayafina ma a ƙugu nake ɗaure shi. Likita guda na taɓa kora saboda ya yar da takardar alewa. Ba a sona, na sani. Ba mai zama cin abinci da ni.

Sai na fara gani dishi-dishi. Ban gaya wa kowa ba, don in na bar filin nan ba ni da inda ake jirana.

Wata safiya na gama bi, na hango injiniya ya duƙa, ya miƙe, hannu a aljihu.

"Injiniya, me ka tsinta?"

"Ba komai, Mama. Igiyar takalmi na ɗaure."

"Na san takalmin nan, ba shi da igiya. Fito da shi."

Murfin kwalba ne, na ƙarfe. Sau biyu na bi ta wurin.

"Yau ne farko?"

Ya ce, "Na uku ke nan. Ai ina bin bayanki, Mama. Ba wanda zai ji."

"Ran da zazzaɓi ya kwantar da kai fa, wa zai bi?"

Na jingine tsintsiya, na je ofis na faɗa da bakina cewa idona ya gaza, na bar aikin.

Na isa Nyanya kafin azahar. Duk 'yan gidan hayarmu sun fita aiki, ƙofofi a kulle. Na zauna a bakin tawa. Ban san abin da mutane ke yi da irin wannan lokaci ba.