Kashi na Biyun da Yaya Dije Ta Ƙi Kalla

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Laraba, mu uku ne a tsakar gidanta a Sheme: ni, da Yaya Dije, da ɗiyarta Hauwa. Ranar na fara ganin yayata tana faɗa da waya. Ta jingina ta jikin turmi, tana matsar man gyaɗa tana kallon wani fim na matar da miji ya bari da goyo, ta riƙe kanta da ɗinki, sai ga wani mai mota yana son ta.

"Kada ki yarda, ɗiyata!" in ji Yaya, tana nuna matar fim ɗin. "Dubi hularsa, wallahi aro ce!"

Kun san ta. Tun Hauwa na goye mijinta ya rasu, da ƙuli-ƙuli ta raine ta har ta gama makaranta. Kashi na ɗaya kawai take kallo, kullum, kuma daidai inda matar ta rufe ƙofa ta bar mai mota a waje take kashewa, ta ce, "Alhamdulillahi, an tashi."

Ni kuwa mutum ne mai son komai a kan tsari, shi ya sa take ce mini Malam Jeri. A ganina bayan takaba aure ne. Na kawo mata wani Alhaji daga Sabuwa, mai shagon taki. Ya ce, "Hajiya, in kin amince za ki huta."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Alhaji, wa ya ce maka na gaji?" Ta ƙulle masa ƙuli a leda ta ce ya gaida gida.

Ban haƙura ba. Na tabbata a kashi na biyu matar nan aure za ta yi, Yaya ta gani ta ɗauki darasi. Na je har Ƙanƙara wurin masu tura fim a waya, aka sa mini shi a memori, na kai wa Yaya.

"Mi ne wannan, Malam Jeri?"

"Na biyu. Abin da ke da ɗaya yana da biyu."

"Ni ma na yi na ɗaya, Allah ya jiƙan shi. Riƙe na biyunka."

Hauwa ta tuntsire da dariya, raina ya ɓaci. Na ce, "Yaya, kina ba mu kunya a garin nan." Yaya ta ci gaba da murza ƙulinta. Na fita. Wata biyar ban taka gidan ba, ina jiran ta aiko. Saƙon rasuwarta ne ya zo.

Bayan sadakar bakwai na sa memorin a wayata. Jama'a, dambe ne! Tun daga farko har ƙarshe ƙarti ne ke naushin juna, mai turin ya yi kuskure. Da ta karɓa ta kunna, da ta yi mako tana mini tsiya, da mun shirya a ranar.

Allah ya jiƙan Yaya Dije, ya ba ta hutun da ta ƙi karɓa a hannun mutum. Hauwa ta ce Yaya ba ta ƙara ambatona a gabanta ba. Ku da kuka zauna da ita a watannin nan biyar, in akwai wanda ya ji ta ce ta yafe mini, don Allah ya zo ya faɗa mini. Ina gida kullum bayan La'asar.