Yadda Na Lalata Hoton Shugabarmu Garin Gyaran Shafi

A lokacin ban daɗe da gama kwalejin ilimi ba, na dawo gida Ajingi babu aikin yi, sai na shiga ƙungiyar matan unguwarmu masu matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli. Ni kaɗai ce a cikinsu na san kan waya sosai, don haka ni na kawo shawarar mu buɗe shafin intanet, da irin manhajar nan da mutum ke jera hotuna da rubutu ko bai karanci kwamfuta ba. Dattijuwar da ta kafa ƙungiyar, wadda duk muke kira Inna, ita ta fara amincewa, ta ce in riƙe aikin. Ba ta son a ɗauke ta hoto, amma wata rana ta zauna gaban kaskon tuya, ta gyara ɗankwali, ta yi dariya, na ɗauka.

Na ɗora hotunan yadda suka fito daga waya, manya-manya. Shafin ya yi nauyi, ga sabis ɗin garinmu yana zuwa yana ɗaukewa. Wani mai sarin mai daga Kano ya ce datarsa ta ƙare kafin ya ga jarka ɗaya. Sai na koyi rage nauyin hoto, na matse su gaba ɗaya, shafin ya koma buɗewa nan take. A nan na yi kuskuren. Manhajar ta tambaye ni ko ƙananan su maye gurbin na asali, na danna mata e. Da wayata ta cika kuma na goge na cikinta, a ganina ai suna kan shafi.

Da damina Allah ya yi wa Inna rasuwa. Bayan sadakar bakwai babban ɗanta, ma'aikaci a sakatariyar ƙaramar hukuma, ya nemi hoton nan da na ɗauke ta don a wanko shi babba. Ashe ban da na katin zaɓe ba su da wani. Na hau mashin zuwa Gaya wurin mai wankin hoto. Yana ƙara girmansa fuskar ta farfashe, ido da hanci suka cakuɗe. Ya ce in dai na asalin ya tafi, babu dabara. Har muka iso Ajingi ina kuka a bayan mashin.

A gaban matan ƙungiya ɗan nata ya ce dama wasa nake da waya, a karɓe shafin a ba ƙwararre a Kano, ni in koma bakin kasko. Na miƙe na ce da hannuna na yi ɓarnar, na roƙi gafarar iyalanta. Amma na ce ba zan ba shi lambar sirrin shafin ba, sai in matan ne suka cire ni. Na kuma tambaye shi, shekara nawa yana yawo da babbar waya, me ya hana shi ɗaukar mahaifiyarsa hoto ko sau ɗaya. Maganar ta yi nauyi ga mai makoki, na sani, amma ban janye ta ba. Sai mataimakiyar Inna ta ce in ci gaba da aikina.

Har yau ba ya amsa gaisuwata, har yau kuma ni ke riƙe da shafin. Yanzu ba na taɓa hoto sai na ajiye na asalinsa a memori da kuma imel ɗina. 'Yan'uwa masu wannan aiki, ku matse kwafi, ku bar na asali yadda yake, don ba kowane hoto ake sake ɗauka ba. In kuma kun yi kuskure ku amsa shi da bakinku, amma kada ku bari wani ya fake da shi ya kore ku daga aikin da kuka koya da kanku.